Zangon Agege: Shekara Ɗari Muna Kai Shanu Kurmi

Duk saniyar da ta sauka Legas daga Arewa, kwanakinta ƙidayayyu ne. Ko mahauci bai taɓa ta ba, ƙasar ba za ta bar ta ta daɗe ba. Bunaji fara da rahaji ja mai dogon ƙaho da bokolon Sakkwato, dukkansu dabbobin fili ne, masu son busasshiyar iska da ƙasa mai tauri. Nan kuwa ruwa yakan fara tun watan Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke zuba a shekara ya kai ninki biyu na abin da Kano ke samu. Turke ya zama taɓo, kofato ya yi laushi, kaska ta samu wurin zama. A da kuma, lokacin da kurmi yake kurmi, akwai tsando, ƙudan da ke sa wa dabba sammore har ta rame ta faɗi. Shanun da ke jure wannan ƙasa, irin su muturu, gajeru ne, namansu ba ya isar birni. Birni na son nama, ƙasarsa ba ta riƙe manyan shanu: a wannan tsakani ne sana'armu ta tsiro, kuma duk wata ƙa'ida da muka gada daga iyaye, daga nan ta samo asali.

Agegen da kakanninmu suka tarar ƙauye ne na manoma. A farkon ƙarni na 20 gonakin koko da goro ne suka kewaye ta, wasu na attajiran Ikko irin su J. K. Coker da ke da gona a Ifako. Goro ne ya fara janyo Bahaushe. Kafin nan sai an yi tafiyar watanni zuwa Gwanja kafin a samo shi. Da ya samu a bakin tashar jirgi, fatake suka juyo da akalarsu. Layin dogo da ya taso daga Legas ya ratsa Agege ya isa Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, aka kammala gadar Jebba a kan Kwara a 1916. Wanda ya zo sayen goro ba ya zuwa hannu rabbana. Ya koro shanu ko ya ɗoro su a tarago, ya sayar, ya cika huhunan goro ya koma. Haka unguwar Zango ta kafu kusa da tasha, da masallacinta da sarkinta da masaukan baƙinta. Can wajen teku ma, tsakanin Apapa da Ajegunle, akwai titin da har yau mutane ke kira Malu Road saboda garkunan da aka riƙa bi da su ta nan.

Zuwan jirgi bai kashe tafiyar ƙafa nan da nan ba, domin tarago ba ya isar kowa, kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Masu kora, yawancinsu samarin Fulani da aka ɗauka a kan lada, sukan taso da kaka ko farkon rani, lokacin da koguna suka janye kuma tsando ya ragu. Su biyo burtali su ƙetare Kwara a Jebba, su bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo har Ibadan, wasu su zarce Abeokuta da Agege. Tafiyar makonni ce. Daga Jebba zuwa kudu kowane kwana asara ne: tozo yana zubewa, wasu na kwantawa a hanya, a yanka su a sayar da araha a ƙauyen da aka tsaya. Tsofaffinmu sukan gane saniyar ƙafa da ta jirgi daga nesa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Da layin dogo ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 da Nguru a 1930, waɗannan garuruwa biyu suka zama manyan wuraren lodi, shanun Damagaram da Maraɗi da Barno suka riƙa sauka ta nan.

To, falke ya iso da shanu talatin, baƙo ne, bai iya Yarabanci ba, dabbobinsa ba za su jira shi ya koyi gari ba. Mahauci kuma Bayarabe ne, ba shi da kuɗin sa guda a hannu sai ya sayar da naman. Wa zai haɗa su? A nan ne maigida yake shigowa, wanda wasu ke kira fatoma. Shi zai sauki baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya sa yaransa su tsare dabbobin. Dillalansa su ne za su shiga kara, a yi ta “albarka” har a kai ga “na sallama”. Sai mahauci ya ja sa ya tafi ba tare da ya biya ko kwabo ba, a kan zai kawo kuɗin bayan wasu kwanaki ko makonni. Babu takarda, babu sa hannu. Maigida ne ya tsaya masa. Idan mahauci ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa, domin ranar da labari ya koma Arewa cewa an ci kuɗin baƙo a gidan wane, daga ranar ƙofarsa ta rufe.

Saboda haka ainihin jarin maigida shi ne sanin mutane. Ya san mahaucin da ya ƙara aure a watan nan, da wanda ya fara gini, da wanda ake bi bashi a gida uku. Dillalai kan zauna da yamma su baje wannan labari a tsakaninsu, wanda ya saɓa alkawari kuma a daina sayar masa har sai ya biya. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan wannan tsari, wanda ya fito a 1969. Abin da ya gani a can shi ne abin da ake yi a Agege: la'adar dillali ƙarama ce, ribar maigida kuma ba daga saniya ɗaya take zuwa ba, daga dawowar baƙo take zuwa shekara bayan shekara.

Duk abin da ya faru da makiyayi a Arewa, mu a nan muna jin sa a farashi bayan makonni kaɗan. Farin 1973 ya cika kara da ramammun shanu, domin makiyayan Nijar da arewacin Kano da Barno gara su sayar da arha da su kalli dabba tana mutuwa. Kasuwa ta yi araha na ɗan lokaci, sannan ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, saboda an sayar har da shanun haihuwa. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke jangali, harajin da a da yake tilasta wa makiyayi fitar da sa kasuwa a ƙayyadadden lokaci. A 1983 bushiya ta dawo ta share garkuna, fari ya biyo baya a 1984. Sai a 2011 aka shelanta cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Yaran da ke kara yanzu sunanta kawai suka sani.

A waɗannan shekaru ne kuma tirela ta ƙwace aikin daga hannun jirgi. Jirgin ya tsufa, tarago ya yi wuya, kwalta ta miƙe. Yau ana saye a Potiskum ran Laraba, Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, ko Mai'aduwa da Illela a bakin iyaka, a loda, a kwana biyu ko uku a hanya. Samari na zaune a saman mota dare da rana, aikinsu su tayar da duk wadda ta kwanta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Tafiya ta gajarta, amma kashe kuɗi ya ƙaru: man dizal, kuɗin ƙungiya, harajin jiha bayan jiha, da shingayen da ba su ƙirguwa. A 2016 an gwada dawo da jirgi, aka ɗauko shanu kimanin 500 daga Gusau zuwa Oko-Oba. Mun yi murna, amma abin bai ɗore ba.

Oko-Oba, babbar mayankar jihar Legas, ita ce zuciyar Agege ta yanzu. Tun kafin asuba ake fara aiki. Akwai masu saukewa, masu jan igiya, masu yanka, masu fiɗa, matan da ke sayen kayan ciki, masu babbaka fata ta zama ganda, masu tara ƙaho da ƙashi da jini. Babu abin da ake zubarwa. Gonakin da a da ake sakin dabba ta yi kiwo kafin a sayar sun zama gidaje da shaguna, don haka ciyawa ma saye ake yi, harawa da dusa da kowa kuma daga Arewa ake kawo su. Kowane kwana da sa ya ƙara a turke, cin ribar mai shi yake yi. Ragowar kasuwar ta bazu zuwa Kara a bakin kogin Ogun, inda ambaliya ke korar mutane idan aka saki ruwan madatsar Oyan, da kuma Alaba Rago wajen Ojo, wadda a da take cika maƙil da raguna kafin babbar salla.

Zaman bai rasa tangarɗa ba. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na wasu kwanaki. Nama ya yi tsada a Legas, tumatir ya ruɓe a Arewa, kowa ya ɗanɗana. A Satumban 2021 jihar Legas ta kafa dokar hana kiwon sake. Mu dai ba makiyaya ba ne, 'yan kasuwa ne, amma mai wucewa ba ya bambance mai sanda da mai ciniki. Abin da ya sha kashe wuta kafin ta kama shi ne tsohuwar hulɗar nan: mahaucin da ubansa ya ci bashi a wurin ubanka ba ya son ganin rumfarka tana ci da wuta, kai ma ba ka son ya karye.

Yanzu magana ta koma kan a yanka a Arewa a kawo nama cikin motar sanyi, musamman tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Ta fuskar lissafi, hujjar tana da ƙarfi: babu ramewa a hanya, babu mutuwa a mota, babu ɗaukar ƙaho da kofato kilomita dubu. Idan wutar lantarki ta tsaya da ƙafarta, wannan rana za ta zo, kuma masu jan igiya da masu saukewa su ne za su fara rasa abin yi. Sai dai masu tsara wannan sauyi suna yawan maganar mota da injin sanyi, ba sa tambayar wanda ke ɗauke da bashin kasuwar. Har gobe mahauci ƙarami ba shi da kuɗin biya nan take, banki kuma ba ya ba shi rance a kan fuskarsa. Duk wanda zai kawo nama Legas, a raye ko a sanyaye, sai ya samu mutumin da zai ce “ba shi, ni na tsaya masa”, kuma ya biya idan abin ya ɓaci. Wannan aikin ne gidajen Zango suka iya, kuma shi ya kamata mu koya wa 'ya'yanmu tare da boko da lissafin kwamfuta.