Yadda Likitancin Haƙorin Doki Ya Iso Ga Tsohon Ƙuru

Sana'ar duba bakin doki ta haura shekara 3,000, amma kusan duk tsawon wannan zamani mahayi da mai saye take yi wa aiki. Binciken da William Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa makiyayan Mongoliya sun fara gyara haƙoran dawakinsu wajen shekara 1150 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma bayan ƙarni huɗu, da linzamin ƙarfe ya shigo, suka koma cire ɗan ƙaramin haƙorin da ke gaban turame don kada ya yi karo da ƙarfen. A Alƙahira ta zamanin Mamluka, Abubakar ɗan Badruddin Al-Baiɗar ya rubuta wa Sarki An-Nasir Muhammad littafinsa Kamilus Sina'ataini, kuma hankalinsa na kan dokin yaƙi da na barga. Ko a shekarun 1880, abin da ya fito da sunan Sydney Galvayne shi ne iƙirarinsa na karanta shekarun doki daga wani tsagi a haƙorin gaba, wanda ke bayyana a shekara 10 ya ɓace a 30. Ilimin kasuwa ne wannan, amfaninsa a gane tsoho a guje masa. Dokin da ya kasa tauna ba ya cikin lissafin kowa.

Da injuna suka karɓi noma da sufuri, sana'ar ta kusa mutuwa. A Amurka dawaki da alfadarai sun kai kusan miliyan 26 a wajen 1920, suka sauko zuwa kimanin miliyan 3 a 1960, makarantun likitancin dabbobi kuma suka juya ga shanu da karnuka. Aikin Erwin Becker, likitan Jamus da ya ƙera magagarin inji mai sanyaya haƙori da ruwa tun shekarun 1930, ya kwanta a ɗakin ajiya. Abin da ya farfaɗo da ita abu ne da ba a cika yabawa ba: magungunan kwantar da dabba a tsaye, irin su zailazin da ditomidin. Kafin su, likita kan zura magagari a duhu ya goga abin da hannunsa ya taɓa. Bayan su, sai aka iya buɗe bakin da ƙarfen talewa, a wanke shi, a haska fitila, a sa madubi har turmi na ƙarshe. Rahoton da Paddy Dixon na Jami'ar Edinbara ya fitar a 1999 da 2000 kan dawaki 400 ya mai da abin da ake yi da ka ya zama ilimi mai hujja.

A daidai lokacin ne majinyacin ya canja. Ƙuru irin na Shetland, wanda a da ake tura danginsa ramin kwal a Birtaniya, ya zama abokin wasan yara, ya sami rigakafi da maganin tsutsa, ya fara kai shekara 30. Nan matsalar take, domin haƙorin doki ajiya ce mai ƙarewa. Dogon turmi ne binne a muƙamuƙi, yana fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara gwargwadon yadda ciyawa ke cinye shi. Bayan shekara 25 ko kusa da haka ajiyar ta ƙare: saman haƙorin ya yi sulɓi, gindinsa ya sirance, giɓi ya buɗe tsakanin turame, ciyawa ta cushe a ciki ta ruɓe, dasashi ya kumbura. Wanda ya tsaya kusa da irin wannan dabba zai ga tana juya ingirici a baki tana karkata kai, sannan ta tofar da shi a dunƙule, jiƙe da miyau, kamar curin fura. Kashinta kuma cike yake da dogayen zaruruwa da ƙwayar hatsi da ba ta fashe ba.

Abin da wannan tarihi ya koya mana, a ganina, shi ne cewa a bakin tsohon ƙuru magagari ɗan taimako ne kawai, babban maganin yana cikin kwanon abinci. Mu masu sana'ar mun gaji hannun da ya saba da goge kaifi, kuma zuwan magagarin inji ya sa wasu suka wuce gona da iri, suna goge ɗan gautsin da ya rage wa tsoho na niƙa. Aikin da ya dace kaɗan ne: a rage tsinin da ke yanka kunci ko harshe, a kwashe abin da ya cushe, a cire haƙorin da ke girgiɗi yana ciwo, a sake dubawa bayan wata 6. Sauran aikin na mai kiwo ne. Dabbar na buƙatar busasshen abinci mai harza kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta kowace rana, kuma idan ba ta iya niƙa shi ba, sai a niƙa mata. A Turai da Amurka ana jiƙa curarren ingirici ko tuƙar gwozar sukari har su yi laushi, a raba sau huɗu ko biyar, saboda cikin doki ƙarami ne kuma ba ya daina zubo da ruwan tsami. Wanda ba a jiƙa ba kan shaƙe tsoho. A wajenmu dakakkiyar harawa da ƙowa da aka jiƙa sun fi kusa da wannan, dusa zalla kuwa ba ta isa ba, don sinadarin fosfarasta ya rinjayi kalsiyam.

Akwai masu cewa rama ɗabi'ar tsufa ce, babu abin yi. Binciken Sarah Ralston na 1989 ya nuna tsofaffin dawaki ba sa narkar da abinci kamar matasa, kuma a kansa aka gina abincin tsofaffi da kamfanoni suka fara sayarwa a farkon shekarun 1990. Amma gwaje-gwajen baya sun nuna tsohon da ke da lafiya da haƙora yana narkarwa kusan daidai da matashi. Ke nan rama alama ce ta wani abu da za a iya nemowa. Wasu kuma na cewa mai dabba ya fi kowa sanin dabbarsa. Masu bincike na Jami'ar Libaful sun duba dawaki 200 masu shekara 15 zuwa sama, suka sami matsalar haƙori a kashi 95 cikin ɗari, alhali masu su kusan ɗaya cikin huɗu ne suka lura. Doki dabba ce mai ɓoye ciwo.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa a cika wa tsoho hatsi da madi ya yi ƙiba a huta. Ga ƙuru wannan haɗari ne, domin jikinsa ba ya jure sukari da sitaci, kuma kusan ɗaya cikin biyar na dawakin da suka wuce shekara 15 na ɗauke da cutar Kushin, wadda ke buɗe ƙofa ga kumburin cikin kofato mai gurgunta dabba. Idan ana neman ƙarin ƙarfi, gara a ɗiga man girki kaɗan kaɗan a kan jiƙon. Duk mai tsohon ƙuru da ya ga dunƙulen ciyawa a gindin turke, ya kira likitan dabbobi ya buɗe bakin ya haska kafin a canja ko mudu ɗaya na abincinsa.