Suna Ɗaya, Ciki Daban: Tsofaffin Babura da Kayan Gyara a Iyakar Illo

Tun kafin a san babur, Illo zango ce ta fatake masu ƙetare Kogin Kwara zuwa Gwanja neman goro. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris a watan Yunin 1898 ta bar garin a hannun Ingilishi, ta kuma shata iyaka kusa da shi. Daga nan yankin ya zama mahaɗar kasuwa biyu: kayan da ke haurowa daga Legas, da waɗanda ke sauka a Kwatano su biyo ta Parakou zuwa Malanville. Wannan tarihi ne ya sa mai tsohon babur a ƙasar Bagudo kan sayi kayan gyara da sunan da ya sani, ya kai wa bakanike, abin ya ƙi zama.

Babura sun yawaita a Najeriya bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a 1975. Malaman makaranta da akawuna suka rungumi Vespa, Honda, Suzuki da Yamaha, kuma a 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na Najeriya, mai harhaɗa babura a Ota. A Jamhuriyar Benin kuwa, 'yan kabu-kabu, waɗanda ake kira zemijan, sun daɗe suna dogaro da Yamaha Mate da aka gama hawa a Japan. Irin waɗannan ne Bahaushe ke kira 'yan Kwatano. An ƙera su domin wata kasuwa dabam, don haka ba lallai cikinsu ya dace da na 'yan'uwansu da aka sayar sababbi a Najeriya ba.

Kamfanonin kansu sun riƙa sauya injin suna barin suna. Honda Super Cub, kakan baburan da ake ce wa roba-roba, ya fito a 1958 da injin da sanduna ke tura bawul ɗinsa. A tsakiyar shekarun 1960 aka koma injin mai sarƙar taimin. Daga baya aka sami C50, C70 da C90, masu kama da juna a ido amma kowanne da girman fistinsa. A farkon shekarun 1980 aka fara barin wuta mai bolt 6 da kwantak, aka koma bolt 12 da akwatin CDI. Wanda ya sa ƙwan fitila mai bolt 6 a babur mai bolt 12, nan take zai ƙone.

Yamaha ma haka. Mate na asali yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma sarƙa ce ke juya tayarsa ta baya. Town Mate, wanda ya biyo baya, bai haɗa mai da fetur, sannan sandar ƙarfe ce ke juya tayar. A bakin jama'a duka Mate ne. Shi kuwa CG125 na 1975, Honda ta ƙera shi ne musamman domin ƙasashen da ba a cika yi wa babur juyen mai a kan lokaci ba, ta mayar masa da sandunan tura bawul, alhali CB125 mai girman injin ɗaya da shi sarƙa yake da ita. Da baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa, da yawansu kwaikwayon CG125 ne ko Suzuki AX100, sai ruɗanin ya ƙaru. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ke warware gardama shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfe. Ta firam galibi tana wuyan babur, ƙarƙashin kan, ko a gefen firam a ƙirar roba-roba. Ta injin tana jikin murfinsa ta ƙasa. A tsofaffin baburan Honda, lambar kan fara da sunan samfurin, kamar C70. Waɗanda aka yi bisa tsarin duniya mai harufa da alƙaluma 17 kuwa, harafin farko ke nuna inda aka ƙera su: J na Japan, L na Sin. Dole a karanta lambobin biyu, domin babur mai shekara arba'in ya sha hannun makanikai, wataƙila injin da ke cikinsa ba wanda ya zo da shi ba ne. Lambar kayan gyaran Honda ma tana da kashi uku, kuma na tsakiya yana nuna samfurin da aka fara ƙera abin dominsa.

Batun ya ƙara nauyi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Abin da aka sayo a ƙetare, in bai dace ba, mayar da shi ya zama aiki. Ga manomin da babur ne ke kai shinkafarsa kasuwa da majinyacinsa asibiti, fistin da bai dace ba asarar kuɗi ce da ta kwanaki. Shi ya sa gogaggen bakanike kan fara kankare datti daga wuyan firam, ya rubuta lambar, ya haɗa da tsohon abin da ya lalace, kafin ya tura yaro kasuwa.