Tarihin Tallafin Tsaro ga Wuraren Ibada da Ƙungiyoyin Al'umma a Amurka

Tallafin tsaro kuɗi ne da gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi a Amurka ke bai wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, waɗanda ake fargabar a kai musu hari saboda addininsu, launin fatarsu ko asalinsu. Masallatai, coci-coci, majami'un Yahudawa, makarantun addini da cibiyoyin al'umma duk suna ciki. Da kuɗin ake sa ƙofofin ƙarfe, a ja katanga, a kafa kyamarori da fitilu, a ɗauki masu gadi, a kuma koya wa jama'a abin da za su yi in ɗan bindiga ya faɗo musu.

Gwamnatin tarayya ce ta fara. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙungiyoyin Yahudawan Amurka suka yi ta matsa wa majalisar dokokin ƙasar lamba, har ta ware dala miliyan 25 a shekarar 2005. Shirin na ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida, hukumar FEMA ce ke raba kuɗin ta hannun jihohi. Shekara da shekaru manyan birane kaɗai ke cin moriyarsa, akwai ma lokacin da kason ya sauko har dala miliyan 10. Sai a 2018 aka tuna da ƙananan garuruwa.

Maharan kuwa ba su jira kowa ba. A 2012 an kashe mutum 6 a wurin ibadar mabiya addinin Sikh da ke Oak Creek. A 2015 wani matashi farar fata ya harbe baƙaƙen fata 9 a cocin Emanuel da ke Charleston. A watan Agustan 2017 aka jefa bam a masallacin Dar al-Farooq na jihar Minnesota, jama'a na shirin sallar asuba. Ranar 27 ga Oktoban 2018 aka kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life da ke Pittsburgh.

A wannan tsakanin jihohi suka ga cewa kuɗin tarayya ba ya isa, suka fara buɗe nasu asusun. Jihar Niyok ta ware dala miliyan 25 a 2017. Pensilfaniya, inda Pittsburgh take, ta yi dokarta a ƙarshen 2019, ta fara da dala miliyan 5.

Labarin Kalifoniya ya fi fito da yadda abin ke tafiya. A watan Maris na 2019, kwana tara bayan kisan masallata 51 a Christchurch ta ƙasar New Zealand, wani matashi ya cinna wa wani masallaci wuta a garin Escondido. Ranar 27 ga Afrilu, wannan matashin dai ya shiga majami'ar Yahudawa ta Poway da bindiga, ya kashe mace ɗaya, ya raunata mutum uku. Abin takaicin shi ne, majami'ar ta riga ta nemi tallafin tarayya na dala 150,000 don ƙarfafa ƙofofinta, an kuma amince mata, amma ba a kai ga fara aikin ba. Kwana biyu bayan harin, Gwamna Gavin Newsom ya sanar da dala miliyan 15, sannan a cikin shekarar ya sa hannu a ƙudirin ɗan majalisa Jesse Gabriel wanda ya kafa shirin jihar a doka. A 2021 kason ya kai dala miliyan 50. Mutum guda ne ya cinna wa masallacin Musulmi wuta ya kuma harbi Yahudawa, don haka daidai ne da aka yi asusu ɗaya domin kowa.

Kuɗin tarayya ma haka ya riƙa hawa: dala miliyan 90 a 2020, miliyan 180 a 2021, miliyan 250 a 2022, miliyan 305 a 2023. A 2024, bayan ɓarkewar yaƙin Gaza da ƙaruwar barazana ga Yahudawa da Musulmi, majalisa ta ƙara dala miliyan 400 a kan kason shekara. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma kusa da ranakun hare-haren zai ga yawancinsu ihu ne bayan hari. Duk da haka, a 2023 waɗanda suka samu ba su kai rabin masu nema ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen neman. Dole ƙungiya ta kasance da rajista, ta kawo rahoton da ke nuna inda gininta ke da rauni, ta kuma rubuta hujjar cewa tana cikin haɗari. A tsarin tarayya, galibi ita za ta fara kashe kuɗinta, daga baya a mayar mata. Babbar ƙungiya mai lauyoyi da ma'aikata ba za ta ji wannan a jikinta ba. Ƙaramin masallacin baƙin haure da ke haya a wani shago, wanda direbobin tasi ke karo-karon kuɗin wutarsa, ina zai samo dubban dalolin da zai fara zubawa? Ga kuma tsoro, wanda ba na banza ba ne: a 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda 'yan sandan birnin Niyok suka daɗe suna leƙen asirin masallatai, shi ya sa wasu shugabannin Musulmi ke ɗari-ɗari da miƙa bayanan gininsu ga hukumomin tsaro.

A nan ne jihohi ke da damar yin abin da tarayya ta kasa, domin su ke tsara sharuɗɗansu. Pensilfaniya, alal misali, tana ba da tallafi daga dala 5,000 zuwa 150,000, kuma ba ta neman mai ƙaramar buƙata ya kawo wani kaso daga aljihunsa. Sai kuɗin ya haura dala 25,000 ake cewa ƙungiya ta ƙara nata a kai.