Haƙƙin Fansho na Ma'aikatan Layin Dogon Kano–Maradi da Magadansu: Nazari a Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta dokokin fansho na Nijeriya da Nijar dangane da ma'aikatan jirgin ƙasa. Ta nuna cewa mai cin rani da zai yi aiki a ɓangarori biyu na layin Kano zuwa Maradi ba shi da hanyar haɗa shekarun aikinsa, kuma matar da ya bari ita ta fi shiga haɗari.

Gabatarwa

Babu dogon da ya taɓa ratsa Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, amma jirgin ƙasa ya daɗe a cikin tattalin arzikinsu. Tun da reluwe ta iso Kano a 1911, ta can gyaɗar ƙasar Maradi take bi zuwa teku, har zuwa shekarun 1950 lokacin da Faransa ta karkatar da wani kaso ta Paraku a Dahome. Hukumar jiragen ƙasa ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, wadda aka kafa a 1959, dogonta bai wuce Paraku ba. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gina layin Kano–Katsina–Jibiya–Maradi mai kimanin kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar. Matasan waɗannan gundumomi sun saba zuwa Katsina da Kano cin rani, don haka batun fansho ya shafe su kai tsaye.

Tsarin ƙasashen biyu

A Nijeriya, tsofaffin ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, suna kan tsohon tsari da hukumar PTAD ke kula da shi. Sauran suna ƙarƙashin dokar fansho ta 2004 da aka sabunta a 2014: ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, cikin asusu mai sunan ma'aikacin. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Kuɗin asusun dukiyar ma'aikacin ce, in ya rasu magada su karɓa.

Nijar ta bi wata hanyar. Asusun fanshonta na CNSS tukunya ɗaya ce da masu aiki a yau suke ciyar da waɗanda suka yi ritaya. Idan mai fansho ya rasu, matarsa tana samun rabin fanshonsa, in su biyu ne ko fiye su raba wannan rabin daidai, marayu kuma da nasu kason.

Tattaunawa

Tsare-tsaren biyu ba sa haɗuwa. Nijar memba ce a CIPRES, ƙungiyar da ke daidaita tsarin fansho na wasu ƙasashen Afirka, Nijeriya ba ta ciki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2013 kan kare haƙƙin ma'aikata ita ce za ta iya haɗa su, sai ga Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025.

A ganin marubuci, matsalar takarda ta fi wannan tsanani. A ƙauye liman yake ɗaura aure a gaban shaidu, ba kowa ke zuwa magajin gari ya rubuta ba. Mace ta fita takaba, a ce ta kawo takardar aure, ta mutuwa da ta haihuwar yara. A Nijeriya kuma sau da yawa har da takardar kotu ta izinin karɓar gado. Matar da ke Gazawa, mijinta ya rasu a sansanin aiki kusa da Jibiya, tana buƙatar takardu da Faransanci don ofis mai aiki da Ingilishi. Lebura mai aikin jinga a hannun ƙaramin ɗan kwangila ma bai kai nan ba, domin galibi sunansa ba ya cikin kowace rajista.

Shawara

Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, tana iya tsara yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa kafin jirgi ya fara jigila: a haɗa shekarun aiki, a biya fansho a Maradi ko Katsina, a kuma karɓi shaidar liman da mai gari matuƙar alƙali ya tabbatar da ita.