Ranar da Murya ta Makara

Ina yaro a Gummi na ga wani abu da ban fahimce shi ba sai da na girma. Ranar hawan Salla ce, cikin hunturu. Wani tsohon makaɗin fada ya buɗe baki zai ɗora ɗan waƙa, sai iska ta riga fita; muryar ba ta iso ba sai da kiɗa ya gota. Nan take 'yan amshi suka koma gindin waƙa, suka rufa masa asiri. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa an yi masa sammu.

Ba ƙaramar asara aka yi a ranar ba. Tun da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka, kuma kaso mai yawa na sunayen sarakuna da kirarinsu a maƙogwaron makaɗa aka adana shi. Mun taskace kalmomin irin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, muna nazarin salonsu, amma ba mu cika tambayar yadda maƙogwaron ya jure ba.

Malamin waƙa ne ya fara leƙa wurin. A 1854 Manuel García, mutumin Sifaniya, ya sa ɗan madubi a maƙoshinsa, ya haska da hasken rana, ya ga tantanin muryarsa guda biyu suna aiki. Daga baya likitoci suka ƙaro fitila mai ƙyaftawa, domin tantanin namiji yakan karkaɗa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda, ido ba ya iya binsa. Da ita aka ga cewa idan gefen tantanin ya kumbura saboda yawan aiki, ba ya haɗuwa da wuri: iska ta wuce, sauti ya biyo baya. Abin da ya sami tsohon nan ke nan, a ganina.

Magabata ba su da madubi, amma suna da amshi, wanda ke ba jagora damar numfasawa tsakanin ɗa da ɗa. Yau matashin mawaƙi a Bukkuyum yakan kwana yana rerawa shi kaɗai cikin ƙurar taron siyasa. Idan muryarsa ta fara makara, ina fatan a kai shi wurin likitan maƙogwaro kafin a fara neman wanda ya jefe shi.