Dalar Gyaɗar Kano da Matsalar Ajiya

Idan aka ambaci dalar gyaɗa, abin da ke fara zuwa a zuciyar Bakano shi ne arziki. Gaskiya ne, amma dalar nan tana da wata fuska da ba a cika faɗa ba: kaya ne da suka shigo da yawa, hanyar fitarsu kuwa ta yi ƙaranci.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Tun daga kakar 1912 manoma suka juya ga gyaɗa, alhali Turawa auduga suka sa rai za a noma. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya goge a fataucin goro a Gwanja, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi suna saye. A 1918 ya zama wakilin saye na kamfanin Neja, kuma sunansa ake fara kamawa idan ana maganar jera buhuna a yi dala.

Ga inda gizo ke saƙar. Gyaɗa takan kwararo cikin 'yan watanni bayan kaka, jirgin ƙasa kuwa shekara guda yake yi yana jigilarta zuwa Ikko, tafiyar da ta haura kilomita dubu a kan layi ɗaya tal. Babu siton da zai ɗauki wannan rara. Sai aka koma fili, a wurare irin su Ƙofar Mazugal, 'yan dako suna hawa da buhu a ka, ana jerawa gindi da faɗi, sama a tsuke, har dala guda takan kai buhu 15,000. Siffar tana da dalili: buhu na danne buhu ba ya zamewa, ƙidaya ta yi sauƙi ga akawu, in kuma damina ta kawo kai aka lulluɓa tamfal, ruwa sai ya gangare.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya yi tsanani. Kawunan jirgi da taragu sun tsufa, sababbi ba su iso da wuri ba, har gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta gaji wannan ciwon kai. Duk buhun da ya daɗe, ƙwari na cinsa, nauyinsa na raguwa, kuɗin da aka biya manomi kuma na kwance a fili. Saboda haka tsayin dalar da baƙi ke ɗauka hoto, ga ma'aji lissafin jinkiri ne, kuma babban aikinsa shi ne ya ga tsohuwar dala ta riga sabuwa hawa tarago.

Farin farkon shekarun 1970 ya karya noman, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Masana'antun matse mai na Kano suka riƙa shanye ɗan abin da ake samu, fitarwa waje ta tsaya, filayen da dalar ta tsaya a kai kuma gine-gine suka cinye yawancinsu.