Samar da wutar lantarki daga haɗuwar ruwan kogi da na teku

A duk inda kogi ya kwarara cikin teku, akwai makamashi mai yawa da ke salwanta ba tare da an ci moriyarsa ba, kuma masana kimiyya sun daɗe suna neman hanyar mayar da shi wutar lantarki.

Tushen makamashin shi ne gishiri. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, alhali ruwan kogi ɗan kaɗan yake da shi. Idan ruwayen biyu suka gauraya, gishirin kan bazu daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Ƙarfin da ke fita a wannan gauraya ya kai na ruwan da ya faɗo daga tsayin fiye da mita 200.

Yadda na'urar ke aiki

Idan gishiri ya narke, yakan rabu gida biyu: ƙwayoyin sodiyam da na kuloraid, kowannensu da cajin lantarki kishiyar na ɗan'uwansa.

A cikin na'urar, ana jera tantani na roba iri biyu, ɗaya bayan ɗaya, sannan a tura ruwan teku da na kogi ta tsakaninsu. Wani tantanin sodiyam kaɗai yake bari ya wuce, wani kuma kuloraid kaɗai. Ta haka caji iri ɗaya kan nufi gefe guda, ɗayan ya nufi ɗaya gefen, sai wuta ta samu kamar yadda take samuwa a batir.

Wutar da tagwayen tantani guda ke bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, don haka ake jera ɗaruruwansu wuri guda.

Tarihi

Wani masani ɗan Birtaniya, R. E. Pattle, shi ne ya fara bayyana wannan dabara a 1954. A 2011 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da wani batir wanda ba ya buƙatar tantani, ana cika shi da ruwan daɗi, sannan a sauya da ruwan gishiri.

A 2014 Sarki Willem-Alexander na Holand ya buɗe tashar gwaji ta kamfanin REDstack a madatsar Afsluitdijk, wadda ta raba tafkin ruwan daɗi na IJsselmeer da tekun Wadden.

Akwai kuma wata hanya dabam, inda matsin ruwa ke juya injin. Kamfanin Statkraft ya gwada ta a Norway daga 2009, amma ya dakatar bayan 'yan shekaru saboda tsada. Japan ta buɗe irin wannan tasha a birnin Fukuoka a 2025.

Amfani da cikas

Babbar fa'idar wannan wuta ita ce ba ta fitar da hayaƙi, kuma tana samuwa dare da rana, saɓanin ta hasken rana ko ta iska.

Sai dai tantanin na da tsada, kuma laka da ƙananan halittun ruwa kan toshe shi, abin da ke tilasta tace ruwan tukuna. Tacewar da turawar ruwan su ma suna cin wani kaso na wutar da aka samar. Makomar fasahar ta dogara ne ga samun tantani mai araha da ƙarko.